Tsattsewa Biyu a Kan Farin Bango

Kwana tara na yi a Guangzhou ina jiran kayan da aka ce mini kwana uku za su ɗauka. Duk wanda ya taɓa ba da odar kaya a masana'anta ya san irin wannan zama: ka ba da kafin alƙalami, ka kama ɗaki, kullum gari ya waye a ce maka gobe. Unguwar Xiaobei kuwa na san ta kamar yunwar cikina, babu lungun da ban shiga ba, babu gidan abincin da ban ci ba. Zaman ya fara cin raina. Ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya a garin, wanda shi ne ke yi mini tafinta duk zuwan da na yi, ya lura da haka.

"Kawu," in ji shi, "tunda dai za ka ga mutumin jirgin ruwan dakon kayan nan a Hong Kong, mu tafi ranar Juma'a. Mu yi salla a can. Akwai kuma wani mai tawada da nake so ka gani."

Ya san abin da ya faɗa. Kafin in shiga kasuwa na yi shekaru a gaban Malam, na yi sauka, kuma a hannunsa na koyi zayyana. Har yau idan na ji ƙamshin ƙaro a kan wuta sai zuciyata ta koma zauren nan. Kalmar tawada ita ta sa na amsa ba tare da na tambayi ko wane ne ba.

Daga tashar Guangzhou ta Kudu zuwa West Kowloon jirgin ƙasa mai gudun nan bai cika awa guda ba. A 2018 aka buɗe layin. A cikin tashar West Kowloon, can ƙarƙashin ƙasa, ake duba fasfo sau biyu, na fita daga ɓangaren Sin da na shiga Hong Kong, domin bizar kowanne daban take. Kana fitowa ka ga kuɗi ya canja, motoci sun koma bin hannun hagu, titi ya matse, benaye sun yi sama kamar za su haɗe kai. Na gama da mutumin jirgin ruwa kafin hantsi. Muka ci shinkafa da naman rago a wajen wasu 'yan Pakistan a Chungking Mansions, benen nan mai hawa 17 da ke kan titin Nathan, wanda tun 1961 yake tsaye, kuma da wuya ɗan kasuwar Afirka ya zo garin bai taka shi ba. Daga nan muka taka zuwa Masallacin Kowloon, fari tas, da ƙubba da hasumiya huɗu, a kusurwar wani babban lambu. A bakin titin akwai tsofaffin itatuwa masu saiwa tana zubowa daga rassa kamar gemu. Na tsaya na taɓa ɗaya. In ba a faɗa mini ba, da na rantse ceɗiya ce.

Bayan salla muka gangara kudu har titin ya ƙare a bakin ruwa. A nan gidan adana zane-zane na Hong Kong yake, a kan titin Salisbury, yana fuskantar mashigin Victoria. An kafa shi a 1962, aka rufe shi a 2015 don gyara, aka sake buɗewa a ƙarshen 2019. Ba mu biya ko sisi ba. Muka hau sama, muka wuce ɗakunan tangaran da na tsofaffin rubuce-rubuce, yaron yana gaba ina biye, har muka shiga wani ɗaki mai sanyi da haske kaɗan, wanda aka keɓe wa mutum ɗaya: Wu Guanzhong. Shi da iyalinsa sun bai wa gidan ayyukansa sama da 450 kyauta.

Yaron ya tsaya gaban wani zane, ya ja baya, bai ce komai ba.

Abin da na fara gani shi ne fari. Takarda ce mai faɗi, za ta yi mita ɗaya da 'yan kai, tsayinta kuma kamar rabin haka, kuma mafi yawanta babu komai a kai. Sai da idona ya zauna na ga ashe farin nan bango ne, dogon bangon gidaje a bakin ruwa. Wani siririn baƙin layi ya ratsa ta sama, shi ne rufi, ƙarshensa ya ɗan ɗaga kai kamar zanko. Ƙofofi baƙaƙe ƙirin, dogaye, sirara, suna tsaye a jikin farin. Matakala ta dutse ta gangara cikin ruwa. Ruwan kuma toka-toka ne, kwance, ya ɗauki inuwar bangon da ta ƙofofin a hankali. A gaban bangon akwai itace guda, tsoho, ya karkata, rassansa sun bazu bisa rufin, da ɗigo-ɗigon kore a jikinsu irin na sabon toho. Can sama, ƙanana ƙwarai, har sai ka neme su, tsuntsaye biyu suna shawagi. Tsattsewa ce. Da wutsiyar nan mai baki biyu ba ta ɓoyuwa.

Sunan zanen ke nan da harshensu, Shuang Yan, wato tsattsewa biyu. A 1981 aka yi shi.

Na matsa kusa har na kusa taɓa gilashin da goshina, don akwai abin da nake son tabbatarwa. Na tabbatar. Bangon nan ba a shafa masa farin fenti ba. Takardar ce tsurarta, yadda ta fito daga hannun masu yin ta. Mutumin ya ja layi a sama, ya ja a ƙasa, ya dasa ƙofofi, sai abin da ya bari a tsakani ya tashi ya zama bango, har kana jin kaurinsa da sanyin jikinsa. Wannan ya girgiza ni, kuma dalilin a bayyane yake. A zayyanar da na koya, fili abin cikewa ne. Idan ka ja murabba'i a allo sai ka raba shi, ka sake rabawa, ka sa ja a nan, ruwan ɗorawa a can, kore a tsakani, har sai babu wurin da ƙwayar gero za ta zauna. Gwaninta a wurinmu ita ce haƙurin cikewa. A kasuwa ma haka rayuwata take: kwantena idan ta tashi da sauran wuri a ciki, asara ce, ka biya kuɗin dakon iska. Ga wani mutum ya bar fiye da rabin takardarsa, kuma wurin da ya bari ya fi ko'ina nauyi.

Sinawa suna da suna ga wannan dabara, liubai, ma'anarsa barin fari. Tsohuwar al'ada ce a wurinsu, da ita suke yin hazo da sama da kogi. Shi Wu ya ɗauke ta ya gina gida da ita.

Tawadar kuwa 'yar'uwar tamu ce ta kusa. Mu muna haɗa baƙin gawayi ko na gindin tukunya da ƙaro, a dafa, a tace, a zuba a kurtu. Su suna tara baƙin hayaƙin itacen fain ko na mai, su kwaɓa da manne na fatar dabba, su busar da shi ya zama sanda. Idan za a yi aiki sai a ɗiga ruwa a kan wani dutse mai santsi, a riƙa goga sandar har ruwan ya yi baƙin da ake so. Daga tawada ɗaya ake samun baƙi ƙirin na ƙofofin nan da toka-tokan ruwan nan, bambancin yawan ruwa ne kawai. Inda muka rabu da su shi ne abin rubutu da abin da ake rubutu a kai. Alƙalaminmu na kara ne, mai tauri, layinsa ɗaya. Nasu na gashi ne, idan ka danna ya buɗe, idan ka ɗaga ya tsuke ya zama kamar zare. Allonmu kuma yana yafiya, in ka yi kuskure ka wanke. Takardarsu, wadda ake kira xuan, da ɓawon wani itace da karan shinkafa ake yin ta a lardin Anhui, kuma shan tawada take kamar yadda ƙasar rani ke shan ruwan farko. Abin da ya sauka ya sauka. Da na san haka sai na sake duban layin rufin nan, daga wannan gefe zuwa wancan, na riƙa tunanin numfashin da mutum zai riƙe kafin ya ja shi. Wanda ya taɓa jan dogon layi a zayyanar sauka, mai allo na zaune yana kallo, ya san yadda hannu ke yi a irin wannan lokaci.

Na san akwai maganar malamai a kan zanen abu mai rai, kuma a zayyanarmu ba a sa tsuntsu. Tunanin ya zo mini a wurin. Abin da idona ya gani dai shi ne ɗan jan tawada kaɗan, babu ido, babu baki, babu gashi, sai fiffike da wutsiya. Ni mai kallo ni na ƙarasa su da tsattsewar da na sani.

Yaron ya ba ni labarin mai zanen, wani daga abin da ya karanta, wani daga rubutun da ke jikin bango. An haifi Wu a 1919 a Yixing, lardin Jiangsu, ɗan ƙauye, a yankin da ake kira Jiangnan, ƙasar koguna da fararen gidaje masu baƙin rufi. Karatun lantarki ya fara, sai wani abokinsa ya kai shi makarantar zane ta Hangzhou, ya gani, ya bar lantarkin. Shugaban makarantar a lokacin shi ne Lin Fengmian, wanda shi ma ya yi suna wajen zana ƙananan tsuntsaye jere a kan reshe, kuma a Hong Kong ɗin nan ya rasu a 1991. A 1947 Wu ya tafi Paris da tallafin gwamnati, ya koyi zanen fentin mai irin na Turawa. Abokansa sun zauna a Faransa sun yi suna a can. Shi ya dawo gida a 1950.

Dawowar ba ta zo masa da sauƙi ba. Lokacin ana son zanen da ke nuna ma'aikata da manoma da sojoji, shi kuma hankalinsa na kan siffa da layi, sai aka riƙa sukarsa. Da juyin al'adu, guguwar siyasar zamanin Shugaba Mao, ya zo a 1966 aka hana shi zane, daga baya aka tura shi aikin gona a wani ƙauye a lardin Hebei. Da aka ɗan sassauta masa, ba shi da abin jingina allon zane, sai ya riƙa amfani da kwandon kwasar taki, irin wanda manoman wurin ke ratayawa a kafaɗa. Har aka yi masa laƙabi da shi. Wannan ya tsaya mini a rai, domin na san kwandon taki, na ɗauke shi a kaina zuwa gonar kakana. Ashe hannun da ya ja layin rufin nan ya san wannan wari.

Asalin zanen ma labari ne irin na matafiya. A garin Ningbo yake jiran jirgin ƙasa, da sauran lokaci, sai ya ɗan zaga. Ya ci karo da gidajen nan a bakin ruwa, ya fito da littafinsa ya shiga zanawa, har jirgi ya kusa barinsa, sai da gudu ya same shi. Daga wannan ɗan zane na gaggawa babban ya fito. Ni da na kwana tara ina jira ina huci, na ji wannan labari da kunnuwa biyu.

Wu da kansa ya kwatanta tsarin zanen da aikin Mondrian, wani mai zane ɗan ƙasar Holan da ya shahara da miƙaƙƙun layuka da murabba'ai, ba mutum, ba itace. Yaron ya nuna mini aikinsa a waya, na ga kamar. Sai dai Wu yana da wata magana da ya riƙe: zane kamar abin wasan nan ne na takarda da yara ke saki a iska suna riƙe da zare. Ya tashi iya tashinsa, ya yi nisa da kamannin abin da aka zana, amma kada zaren ya tsinke, zaren da ya haɗa shi da rayuwar mutane da abin da suka sani. Masu bayani suna cewa tsattsewar nan biyu su ne zaren.

Na yarda da su rabi. Na ɗaga babban yatsana daga nesa, na rufe ido ɗaya, na danne tsuntsayen. Nan take zanen ya daskare, ya zama kamar taswirar magini, kyakkyawa amma ba kowa a gidan. Na janye yatsa, iska ta dawo. Sai na ɗaga tafin hannu na rufe itacen. Abin da ya faru ya fi na farko: tsuntsayen suka zama baƙi a wurin, kamar ɗigon da ya kuɓuce wa alƙalami, ba abin da ya kawo su. A duk faɗin takardar itacen nan ne kaɗai abu mai lanƙwasa, mai ƙulli, mai tsufa. Komai miƙe yake, shi ne ya karkace. Shi ya fito daga ƙasa ya ratsa bango ya kai sama, shi ya haɗa ruwa da inda tsuntsayen suke, kuma koren da ke jikinsa shi ya gaya maka bazara ta shigo, lokacin dawowar tsattsewa. An ba tsuntsaye sunan zanen, amma a ganina itacen ne ke ɗauke da kayan.

"Kawu, mai gadi na kallonka," yaron ya raɗa mini. Na sauke hannu. Matar ta yi murmushi kawai, ta ɗan sunkuyar da kai.

A kusa akwai wasu zanuka biyu da ake haɗa su da wannan kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya. Na 1988 gidan Qiu Jin ne, matar da aka kashe a 1907 saboda ta tashi tsaye a kan mulkin sarakunan Qing. A nan baƙi ya rinjayi fari, tsattsewa kuma sun sauka sun jeru a kan waya. Na 1996 tunawa da Jiangnan ne, ya rage 'yan layuka da 'yan ɗigo, gidan ya kusa narkewa. Mutane sun fi taruwa a gaban na ƙarshen. Ni ban daɗe a wurinsa ba, zaren ya yi mini siriri da yawa. Na koma gaban na 1981, na sami benci na zauna.

A zaunen nan ne soron kakana ya zo mini. A jikin azara, can ƙurya, tsattsewa suna da sheƙa ta laka, sun ɗora ta ƙwaya-ƙwaya da baki kamar masu ginin tubali. Kullum da la'asar suna shiga suna fita ta saman kawunan masu zaman hira, ba sa taɓa kowa. Mu yara hannunmu na ƙaiƙayi, amma kaka ya kafa doka, wanda ya kai sanda wurin zai gamu da shi. Yakan ce baƙi ne, su suka zaɓi gidan. Da na faɗa wa yaron, sai ya ce ai Sinawa ma haka suke, tsattsewa ta yi sheƙa a gidanka alamar alheri ce a wurinsu, biyu tare kuma alamar zaman lafiyar miji da mata. Soron nan yanzu babu shi. An rushe an yi na bulo da silin, babu azarar da laka za ta kama. Shi ma Wu, da yake zana fararen gidajen Jiangnan, yana gani ana rushe irinsu ana kafa benaye.

Da yake ni ɗan kasuwa ne sai da na tambayi kuɗi. Yaron ya ce wani da Wu ya sake yi da fentin mai a 1994, mai wannan suna, an sayar da shi a gwanjo a Beijing a 2018 a kan sama da yuan miliyan 100. Amma mutumin da kansa ya zauna a ƙaramin gida har ya rasu a 2010. A 1991 ya bi ayyukansa ya yayyaga ɗaruruwa da bai gamsu da su ba, a lokacin da kowace takarda kuɗi ce. Waɗanda ya fi so kuma ya raba wa gidajen adana zane, Singafo kaɗai ya ba su 113 a 2008. A 1992 gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan ya baje ayyukansa shi kaɗai, karo na farko da suka yi wa Basine mai zane haka yana raye. Na girmama yagawar nan fiye da baje kolin. Na san masu sana'a da yawa, kaɗan ne za su iya hana kansu sayar da abin da suka san bai kai ba alhali ga mai saye a tsaye.

Da muka fito rana ta yi sanyi. Muka shiga jirgin fito na Star Ferry, mai kore da fari, muka tsallaka mashigin muka dawo, don kawai in sha iska. Sama da benayen gilashi shirwa ce ke ta kewayawa, da yawa, irin tamu sak, ba ta kaɗa fiffike. Na bi su da kallo, na lura idona ya fara auna filin da ke tsakaninsu.

A shagon gidan na sayi kati biyu masu hoton zanen. Kayana suka fito bayan kwana huɗu, na cika kwantena, na dawo gida. Sati na zagayowa na je gaida Malam. Ya tsufa ƙwarai, amma har yanzu da kansa yake feƙe alƙalami. Bayan gaisuwa na miƙa masa katin da hannu biyu.

"Allah gafarta Malam, tsarabar Sin ce. Aikin tawada ne."

Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta, ya juya bayansa, ya sake juyowa. "Bai gama ba ne?"

Na ce ya gama.

Ya yi shiru. Ya fita da shi bakin zaure inda haske yake, na bi shi. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya ɗora ɗan yatsansa, wanda tawada ta rine shekara da shekaru, a tsakiyar farin bangon.

"Nan bai taɓa ba ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Malam."

Ya bi layin rufin da farce, a hankali, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya tsaya a kan tsuntsayen. Ya ce, "Tsattsewa." Sannan ya ɗaga gefen buzunsa ya sa katin a ƙarƙashi, inda yake ajiye takardun da ba ya so yara su taɓa, ya tambaye ni labarin hanya.